Kunnen Samba Jallo: Mu Auna Wani Littafi A Kan Allo Da Lakwal



Akwai gardama uku da ba su ƙarewa a garuruwanmu. Ana yin su a gindin bedi bayan la'asar, ana yin su a bakin rijiya, ana yin su a makarantar yaƙi da jahilci kafin a buɗe littafi. Ta fari: a kai yaro makarantar allo ko a kai shi lakwal? Ta biyu: duka yana gyara yaro ko ɓata shi yake yi? Ta uku: wa ke da ikon tsayar da mutum a kan addini, sarki ne, ko malam, ko gwamnati, ko kowa da kansa?

Wani mutumin Senegal ya zuba gardamar nan duka uku cikin littafi guda. Da Faransanci ya rubuta shi, shi ya sa da yawa cikinku ba su gamu da shi ba. Zan ba ku labarinsa da Hausa. Sa'an nan mu ɗora shi a sikeli tare, mu ga inda ya yi nauyi da inda ya yi sakayau.

Mai littafin

Sunansa Shaihu Hamidu Kan. An haife shi a 1928 a garin Matam, bakin kogin Senegal, cikin ƙasar Futa Toro. Bafillace ne, ɗan babban gida. Da allo ya fara, daga baya aka sa shi lakwal, har ya kai Pari, babban birnin Faransa, inda ya karanta shari'a da falsafa. Da ya komo gida ya riƙe manyan ayyuka. Ya yi gwamna, ya yi minista, ya kuma yi aiki da UNICEF, hukumar duniya mai kula da yara.

Littafin ya fito a 1961, shekara guda bayan Senegal da Nijar sun sami ƴancin kai. A 1962 ya ci babbar kyautar da ake ba marubutan Afirka masu rubutu da Faransanci. Sunansa L'Aventure ambiguë. In za mu juya shi da Hausa sai mu ce "tafiya mai harshen damo", wato tafiyar da ba ka iya cewa riba ce ko hasara.

Labarin a taƙaice

A ƙasar Jalluɓe akwai wani yaro, Samba Jallo, ɗan gidan sarauta. Akwai kuma wani tsohon malami, Cerno. A Fillancin can, Cerno shi ne malam. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ruwansa da duniya, gonarsa ma iyakar abin da zai ci yake nomawa. Shi da bakinsa ya roƙi uban Samba ya ba shi yaron in ya kai shekara bakwai, don ya hangi baiwa a tare da shi.

Da kuka littafin yake farawa. Samba ya yi tuntuɓen harshe cikin aya. Malam ya mintsine shi a cinya, ya kama kunnensa da farce har jini ya fito, kunnen da dama tabo ne a kan tabo. Akwai ma inda malam ya zaro icce mai wuta ya ƙona masa fata. Yaron yana maimaita ayar cikin azaba har ta fita daidai. A zuci kuwa malam murna yake yi, yana ganin cikin shekara arba'in da ya yi yana koyarwa bai taɓa samun almajiri kamar wannan ba.

A lokacin Turawa sun riga sun ci ƙasar, sun buɗe lakwal. Jama'a suka rasa ta cewa. Suka dubi sarki, sarki ya dubi malam, malam ya ƙi yanke magana. Abin da ya hana su barci shi ne sun san yaron da ya koyi sabon abu zai manta da wani tsohon abu, ba su kuma san wanne ya fi tsada ba.

Sai yayar sarki ta tashi. Littafin yana kiranta da suna mai nufin Babbar Gimbiya. Ku ɗauke ta kamar Inna a Gobir ko Iya a Maraɗi, macen da in ta yi magana fada takan saurara. Ta tara gari har da mata, abin da ba a saba ba. Ta gaya musu ita ma ba ta son lakwal, amma a kai yara. Kakanta shi ke da gaskiya, duk da haka Turawa suka ci shi da yaƙi, ita kuwa tana so yara su je su gano yadda aka yi haka. Ta ba su misalin manomi, wanda yakan ɗauki irin da ya fi so ya binne a ƙasa in ruwa ya sauka.

Aka kai Samba lakwal, ya yi fice. Kafin ya tafi Faransa ya raya dare guda yana karanta wa mahaifinsa Alƙur'ani da ka. A Pari ya karanta falsafa. Ya zauna da wani fasto, da ƴar faston wadda ta bar addini ta bi gurguzu, da baƙar fata mazauna can waɗanda Afirka ta yi musu nisa. Sannu a hankali ya ji zuciyarsa ta bushe, ya kasa gane ko shi na gida ne ko na can. Ubansa ya rubuto masa ya ce ya komo.

Ya komo malam ya rasu. Wani tsohon abokin karatunsa, Demba, shi ya gaji rawanin malam. A garin akwai wani da ake kira Mahaukaci, wanda ya taɓa zuwa Turai ya komo da taɓin hankali. Yana ƙaunar Cerno kamar ransa. Ya ja Samba zuwa kabarin malam, ya matsa masa ya yi salla. Samba ya nuna masa salla ba abin tilasta wa mutum ba ce. Mahaukaci ya ce to ya yi alkawarin zai yi gobe. Samba yana can cikin zurfin tunaninsa, sai kalmar ƙi ta kuɓuce masa. Mahaukaci ya ɗaga makami ya kashe shi.

Inda littafin ya yi nauyi

Babban abin yabo shi ne marubucin bai mai da kowa wawa ba. Malam yana da hujja, Gimbiya tana da hujja, uban Samba yana da tasa. Suna saɓa wa juna sosai, amma ba wanda ya kira wani kafiri, ba wanda ya kira wani jahili. Gimbiya ta taka har gidan malam ta gaya masa ido da ido cewa yana cika wa yaron kai da zancen mutuwa, alhali yara suna bukatar su koyi rayuwa. Malam ya saurare ta, ya ba ta amsa, suka rabu da mutunci. Ku gwada wannan da yadda gardamar addini take ƙarewa a wasu majalisunmu, inda maƙwabta kan daina gaisawa saboda hannu a ƙirji ko a sake.

Ku lura kuma da malam. Jama'a sun ce masa ya faɗi kalma guda su bi, ya ƙi. Ya san karatu, amma ya san ba shi da sanin abin da gobe za ta haifa wa ƴaƴan mutane. Wani zai ce gudun nauyi ne. Ni ina ganin ya san iyakarsa, kuma malamin da ya san iyakarsa ya fi wanda ke da fatawa a kan kowane abu tun daga maganin riga-kafi har ƙuri'a.

Littafin ya kuma yi gaskiya a kan asalin lakwal. A bayan bindiga ta shigo. Kakanninmu da suka riƙa ɓoye yara a rumbu, da sarakunan da suka riƙa tura ƴaƴan barorinsu maimakon nasu, ba hauka suke yi ba. Sun ga wanda ya kawo makarantar shi ne ya kawo aikin tilas. Wanda bai fahimci tsoron nan ba, ba zai iya shawo kan uban da ke ƙin lakwal ba. Namu Bubu Hama, wanda aka haifa a Foneko a 1906, ya bi irin hanyar nan, ya kuma ba da labarinta cikin littafinsa Kotia-Nima.

Kunnen yaro

Yanzu mu zo inda nake jayayya da littafin. Marubucin ya nuna mana jini a kunnen yaro, nan take kuma ya buɗe mana zuciyar malam ya nuna mana ƙauna. Ya iya rubutu ƙwarai, har mai karatu yakan manta da jinin ya tafi da ƙaunar. Samba da kansa yana son malaminsa, ya yi kuka ranar da aka raba su. Ba a sami ko mutum guda cikin littafin da ya tsaya ya ce ƙona yaro da wuta laifi ne a addini ba. Gimbiya ta ji haushin yadda ake wahal da ɗan gidansu, amma hujjarta ta sarauta ce da ta zaman duniya.

Mai karatu zai rufe littafin yana zaton hanya biyu ce kawai: ko ka riƙe addini da bulalarsa, ko ka bi Turawa ka ajiye bulala. Wannan kuskure ne babba, kuma malaman Musulunci sun riga sun warware shi tun kafin Bature ya taka ƙasarmu.

A birnin Ƙairawan na Tunisiya an yi wani malamin Malikiyya, Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda ya rasu a shekara ta 870. Ubansa shi ne mai Mudawwana. Ya rubuta ɗan littafi a kan ladubban masu koyar da yara, Adabul Mu'allimina. A ciki ya sa wa malam iyaka. Kada ya wuce bulala uku a kan karatu sai da izinin uba. Kada ya bugi kai ko fuska. Kada ya yi duka don huce fushinsa. Kada ya hana yaro ci da sha. Ya kuma fi son kada malam ya miƙa wa wani yaro bulala ya bugi ɗan'uwansa. Ku auna Cerno da ma'aunin nan. Farce a kunne har jini, da icce mai wuta, ina suka shiga?

Bayansa aka yi Ibnu Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Cikin littafinsa Muƙaddima ya ware babi guda a kan cewa tsananta wa masu koyo yana cutar da su. Ya bayyana yadda abin yake aiki. Yaron da aka rena da tsoro yakan zama malalaci, ya koyi ƙarya da yaudara, domin ya saba nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don ya tsira daga duka. A hankali halin ya zauna masa har girma. Ya kuma kafa hujja da Ibnu Abi Zaidi, mai Risala ɗin nan da malamanmu ke karantarwa a zaure, cewa shi ma bai yarda a wuce bulala uku ba.

Wani zai ce ai akwai hadisin da ya ce a umurci yaro da salla yana ɗan shekara bakwai, a buge shi a kanta in ya kai goma. Akwai shi, Abu Dawuda ya ruwaito. To ku ƙidaya. Daga bakwai zuwa goma shekara uku ce cur ta koyarwa da lallashi kafin a ambaci duka. Mu kuwa sau da yawa da bulala muke farawa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida bai taɓa yi masa tsawa ba. Nana A'isha ta shaida bai taɓa bugun mace ko bara da hannunsa ba. Kun sha jin ana cewa inda bulalar malam ta taɓa, wuta ba ta ci. Ku tambayi mai faɗin haka a wane littafi ya gani.

Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa tanƙwara icce don yin baka ko tanka ya san a hankali ake yi. In ka yi da ƙarfi karyewa yake, karyayyen icce kuwa sai murhu.

Kada wani ya ɗauka da malaman allo kaɗai nake. Lakwal ma ta yi nata. Manya cikinku sun tuna da rula a kan yatsu, da durƙuso a rana, da abin nan da mushe kan rataya wa yaro a wuya in ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a aji. A gida ma haka. Uwa ta gaji da daka da ɗiban ruwa, uba ya komo da ɓacin ran kasuwa, sai a sauke a bayan yaro a ce tarbiyya ce. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin yara a 1990. Takarda kuwa ba ta shiga ɗaki. Abin da ke shiga ɗaki shi ne abin da uba da uwa suka yarda da shi.

Ga abin da muke gani a makarantun yaƙi da jahilci. Dattijo mai furfura, wanda ya iya lissafin garken tumaki da ka, in aka miƙa masa alli sai hannunsa ya kama rawa. Ba wanda zai taɓa shi, amma jikinsa bai manta ba. Samba Jallo mai baiwa ne, ya sha duka ya haddace. Littafin bai gaya mana labarin sauran yaran ba, waɗanda suka sha dukan ba su sami karatun ba. Su ne suka fi yawa.

Ƙoƙon bara

Haka littafin ya yi da bara. Samba da ƴan'uwansa almajirai suna bin gida gida da tsumma, suna tuna wa mutane mutuwa, ana ba su abinci. Malam yana ganin bara ce za ta karya girman kan ɗan sarauta. Ranar da Gimbiya ta sa wa yaron sabuwar riga, malam ya tuɓe masa ita ya mayar da shi cikin tsumma.

A ƙaramin gari, inda kowa ya san ɗan wane ne, inda kowace uwar gida ke ware wa almajiri rabonsa, abin yana da ma'ana. Amma Samba ɗan sarauta ne mai wasa da talauci na ɗan lokaci, gidansu yana nan yana jiransa. Yaron da aka ɗora a mota daga ƙauye aka kai birni, talaucinsa na gaske ne.

Ku ji abin da ya biyo baya a ƙasar marubucin. A 2005 Senegal ta yi dokar hana tura yara bara don neman kuɗi. A 2010 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta yara aƙalla 50,000 ne ake tilasta wa bara a ƙasar. A watan Maris na 2013 gobara ta tashi da dare a unguwar Madina ta birnin Dakar, yara tara suka mutu a ɗakin da almajirai ke kwana. Kusa da mu kuma, a watan Satumba na 2019, ƴan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai ƴaƴansu don a gyara musu hali.

Ba Shaihu Hamidu Kan ya jawo wannan ba, kuma malamai masu riƙon amana suna nan da yawa, suna noma suna ciyar da almajiransu. Amma littafin da ya ƙawata wahalar yaro yana ba mugu inuwar fakewa. Ɗa amana ne. In ka ba malam ɗanka, ka ba shi da hatsinsa, ka kuma riƙa zuwa kana duba bayansa da cikinsa.

Waɗanda ba a ji muryarsu ba

Ku ƙidaya masu magana cikin littafin: sarki, yayar sarki, babban malami, babban ma'aikaci, ɗan sarauta. Kowa yana magana kamar mai wa'azi. Talakawa suna nan, amma yawanci tsaye suke suna jiran a yanke musu. Uwar Samba da ƙyar ake ganinta. Ba a tambayi ko yarinya guda ba ko tana son allo ko lakwal.

Wannan rashi ne mai girma, domin tambayar manomi dabam take da ta ɗan sarki. Samba yana tsoron kada falsafa ta raba shi da Ubangijinsa. Manomi yana tsoron kada mai sikeli ya cuce shi a awon gyaɗa, kada a sa shi dangwala yatsa a takardar da za ta cinye gonarsa, kada matarsa ta ba jariri magani fiye da yadda likita ya rubuta. Wannan ne ya kawo ku makaranta da dare bayan gajiyar gona. Ba wanda ya bar salla cikinku don ya iya rubuta sunansa.

Zancen mata kuwa, muna da abin da Gimbiya ba ta ambata ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya zargi malaman da ke koyar da almajirai suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u ta kafa ƴan taru, tana tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata. Ilimin mace ba Bature ya kawo mana shi ba.

Hanyar Demba

Akwai wani ɗan wuri cikin littafin da marubucin ya wuce da sauri, ni kuwa ina ganin nan maganin yake. Da Demba ya gaji malam, sai ya sake lokutan karatun allo don yara su sami zuwa lakwal. Demba ba ɗan sarauta ba ne, ba shi da zurfin Samba, littafin ma bai nuna yana ƙaunarsa sosai ba. Amma shi ya rayu, shi ya riƙe yaran gari.

Hanyar Demba ita ce mutanenmu da yawa suka bi. Yaro ya yi allo da asuba, ya tafi lakwal da hantsi, ya komo wutar karatu da dare. A garin Sayi an buɗe madarasa ta farko mai haɗa Larabci da Faransanci a 1957, tun littafin bai fito ba. A 1986 aka buɗe jami'ar Musulunci a can. Hanyar tana da nata wahala: yaro yakan gaji, malamai ba su isa ba, littattafai ba su isa ba. Amma ta nuna cewa kai guda yana ɗaukar karatu biyu. Littafin ya sa Turai a gefe guda da ƙarfe da lissafi, ya sa mu a gefe guda da salla kawai, kamar malamanmu ba su taɓa sanin hisabi da taurari da magani ba, kamar kuma maƙeri da masaƙi ba su da ilimi.

Makamin Mahaukaci

Ƙarshen littafin shi ya fi tsaya mini a rai. Wanda ya kashe Samba ba Bature ba ne. Ɗan gari ne mai son malam da son salla, wanda ba shi da ilimin malam, ba shi da haƙurinsa. Cerno da ya san karatu ya ƙi yanke wa jama'a hukunci. Mahaukaci da bai sani ba ya yanke, ya kuma zartar da hannunsa. Bai tsaya ya ji cewa ba da shi Samba yake magana ba. Ko da gangan marubucin ya yi haka ko ba da gangan ba, gargaɗi ne: hannun da ya koyi cewa ana shigar da aya da farce, wata rana zai ce ana shigar da salla da makami. Alƙur'ani kuwa, cikin suratul Baƙara, ya kore tilas a addini.

Mu ma mun yi tamu gardamar a fili. Bayan taron ƙasa na 1991, an ja sosai a kan kalmar Faransanci "laïcité". Ƙungiyoyin Musulunci suka ƙi ta, suna ganin tana nufin ƙasa marar addini. Tsarin mulkin da aka yi wa ƙuri'a a watan Disamba na 1992 ya bar kalmar, ya yi maganar raba gwamnati da addini. Na 2010 ma haka ya ce, har sojoji suka dakatar da shi a watan Yuli na 2023. Wannan gardama da baki da takarda aka yi ta, irin ta Gimbiya da malam.

Mun kuma ga ɗaya irin. A watan Janairu na 2015, bayan wata jaridar Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Annabi, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. Mutum kimanin goma suka rasa rayukansu, aka ƙona coci masu yawa. Zafin da Musulmi suka ji na gaskiya ne. Amma waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada maƙwabtanmu ne, ƴan ƙasa, ba su suka yi zanen ba. Addini yana da wuri a kasuwa da fada da makaranta, domin shi ke hana mai awo tauye mudu, shi ke tuna wa mai mulki akwai hisabi. Wurinsa na nasiha ne da kyakkyawan misali. In ya koma hannun mai fushi, na kusa ake fara ci.

Abin da sikeli ya nuna

Littafi ne mai daraja. Ya ɗauki tsoron kakanninmu da muhimmanci, ya koya mana yadda manya ke saɓani ba tare da zagi ba. Ya gaza a wuri uku: ya yi wa azabar yaro ado, ya bar talaka da mace a bakin ƙofa, ya kuma sa mai karatu zaton dole ɗayan karatun biyu ya kashe ɗaya. Abin takaici kuma, an rubuta shi cikin harshen da manoman Futa ba su karantawa. In ɗanku yana babbar makaranta, ku sa ya nemo shi ya riƙa juya muku babi babi da dare. Ku saurara, ku yi masa gardama.

Ga tambayoyi huɗu da za ku tattauna a makarantarku wannan wata:

1. Wane hali ne duka ya taɓa gyarawa a gidanka, wanne ne kuma ya koma ɓoye?
2. In ɗanka yana wurin malam a wani gari, yaushe rabonka da ganinsa, me kuma ka aika masa?
3. A garinku, lokacin allo da na lakwal suna karo? Wa zai zaunar da malam da mushe su daidaita?
4. In an tara gari a kan zancen yara, ana kiran mata?

Ku rubuto mana amsarku da hannunku, ko layi uku ne. Wanda ke ganin na yi wa Cerno rashin adalci, shi ma ya rubuto da hujjarsa, za mu buga. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka.